Daga Yumɓu Zuwa Ciniki: Jagorar Maginin Tukwane Mai Cin Gashin Kansa

Mai saye kofi ɗaya yake gani. Ya ɗaga shi, ya juya gindinsa, ya zura yatsa a mariƙi, sannan ya tambayi kuɗi. Magini kuwa, in har yana son sana'ar ta riƙe shi, dole ya daina lissafi da kofi ɗaya, ya koma lissafi da cikin tanderu. Guda nawa suka shiga? Nawa suka fito lafiya? Kwana nawa aka yi kafin a cika shi, kuma me gashin ya ci? Duk wata shawara da za ka yanke a wannan sana'a, tun daga irin yumɓun da za ka saya har zuwa ranar da za ka yi wa mai oda alƙawari, a bakin tanderu take ƙarewa. Matakan da ke tafe a kan wannan aka ɗora su.

Mataki na 1: Zaɓi yumɓu ɗaya, ka san halinsa

Yumɓun da ake aiki da shi kashi uku ne a taƙaice. Akwai mai ƙaramin gashi, wanda yawanci ja ne, yana nuna tsakanin digiri 1000 zuwa 1150 a ma'aunin Salshiyos, kuma ko ya gasu yana shan ruwa. Akwai mai babban gashi da ke komawa kamar dutse, tsakanin 1200 zuwa 1300, wanda masu yin kofuna da kwanonin abinci suka fi so. Sai farin yumɓun tangaran, mai kyau da tsada da wuyar sha'ani a hannu.

Sabon magini yakan so ya taɓa kowanne. A lokacin koyo wannan ba laifi, amma ranar da ka ce kasuwa za ka, tsaya a kan ɗaya. Kowane yumɓu da irin ruwan ƙyallin da ke zama a jikinsa (wato ruwan da ake shafa wa kaya, ya narke a wuta ya zama kamar gilashi) da irin zafin da yake so, kuma tarkacen iri biyu in suka haɗu a bokitin da ake jiƙa ragowar yumɓu don sake amfani da shi, ka shiga uku. Na taɓa barin wani ƙaramin kwano na jan yumɓu ya saje cikin kayan babban gashi. Kafin gashi na biyu, wato gashin ƙyalli, duk sun sha ruwan ƙyalli iri ɗaya, ido bai bambance su ba. Da na buɗe tanderu, kwanon ya narke ya baje kamar kwalta, ya manne da allon da ake jera kaya a kai cikin tanderu, ya haɗa da kofuna biyu da ke maƙwabtaka da shi. Da kurfi da guduma na ɓanɓare shi, allon ma bai sake moruwa ba.

Kafin ka gina abin sayarwa, yi gwaji biyu. Na farko gwajin ƙanƙancewa: murza yumɓu ka yi ɗan falle, ka ja layi mai tsawon santimita 10 cif a kansa tun yana ɗanye, ka busar, ka gasa har gashin ƙarshe, ka sake aunawa. In ya dawo 8.8, yumɓunka yana raguwa da kashi 12 cikin 100, kuma galibin yumɓun babban gashi tsakanin kashi 10 zuwa 15 suke. Ke nan in kana son kofi mai tsayin santimita 9, sai ka raba 9 da 0.88, ka gina shi a 10.2. Wanda bai san wannan adadi ba shi ne ke yin murfi ya ƙi zama a bakin tukunya.

Na biyu gwajin shan ruwa. Auna gasasshen falle yana bushe, ka tafasa shi awa 5, ka bar shi cikin ruwan ya yi kwana ɗaya cur, ka goge ka sake aunawa. In giram 50 ya zama 51, kashi 2 cikin 100 ya sha. Kayan ci da sha ana so adadin ya yi ƙasa sosai, kusa da 1 ko ƙasa da haka. In ya yi yawa, kofin zai riƙa tsattsafo a gindi yana ɓata wa mutane tebur, ya riƙe wari, kuma sunanka ne a jikinsa.

Mataki na 2: Wurin aiki da maganar tanderu

Ɗaki ɗaya ya isa, in akwai ruwa kusa, da kantoci masu yawa. Kantoci sun fi komai saurin ƙarewa, domin kaya suna zama a matakai huɗu a lokaci guda: ɗanye, busasshe, mai gashin farko, da gamamme.

Abin da ba wasa a cikinsa shi ne ƙura. Busasshen yumɓu da garin ruwan ƙyalli suna ɗauke da silika, wadda ke taruwa a huhu shekara da shekaru har ta haifar da cutar silikosis, kuma ba ta warkewa. Kada tsintsiya ta shiga ɗakin aikinka. Da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa, kullum. In za ka auna gari ko ka goge busasshen kaya, sa takunkumi irin N95 ko wanda ya fi shi. Ruwan wanke hannu kuma a bokiti, a bari yumɓun ya kwanta a kwashe, don in ya bi bututu zai toshe shi kamar siminti.

Tanderu shi ne jari mafi nauyi, kuma shawarata kada ka yi gaggawar saye. In akwai wani magini ko wata cibiyar koyo da ke ba da hayar wuri a nasu, fara da nan, ko da ɗaukar busasshen kaya zuwa can yana jawo karyewar wasu. Wata shida na haya za su nuna maka girman da ya dace da hannunka. Babban tanderu ga mai aiki shi kaɗai tarko ne: sai ka yi wata biyu kana tara kaya kafin ya cika, kuskure ɗaya ya kwashe aikin wata biyun gaba ɗaya. Ƙarami da kake cikawa duk mako biyu ya fi koya maka aiki, kuɗi ma ya fi saurin juyawa. Ko na lantarki ne ko na gas ko na itace, ba a ajiye shi inda ake kwana, kuma dole iska ta riƙa fita, saboda hayaƙin gashi yana da guba.

Mataki na 3: Ka sami kayan da ke ciyar da kai

A nan masu fasaha da yawa suke turjewa. Kowa yana so ya gina abin da ba a taɓa gani ba, amma abin da ke biyan kuɗin haya shi ne wanda za ka iya maimaitawa sau hamsin ya fito iri ɗaya. Ba ƙasƙanci ba ne. Maginiya Lucie Rie, wadda ta baro birnin Biyana na Austriya zuwa Landan a 1938, maɓallan riga na yumɓu ta riƙa yi tana sayarwa a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, alhali yau kwanoninta suna manyan gidajen adana kayan tarihi. Masana'antar da Bernard Leach da Shoji Hamada suka kafa a St Ives ta Ingila a 1920 ta daɗe tana fama da rashin kuɗi, abin da ya daidaita ta shi ne jerin kayan amfanin gida masu siffa tsayayya da almajirai ke ginawa, su kuma tukwanen baje koli suna gefe.

Zaɓi abu huɗu ko biyar, misali kofi, ƙaramin kwano, babban kwano, faranti da tulun fure. Launi biyu ko uku. Ga kowanne, rubuta nauyin curin yumɓu da tsayi da faɗin baki, ka manna a bango gaban inda kake zama. Auna curi ashirin a sikeli kafin ka fara, kada ka gina ɗaya ka tashi neman na biyu. Yau gini, gobe gyaran gindi da liƙa mariƙi, haka. Hannu yana yin sauri ne in ya daɗe a kan abu ɗaya.

Ka kuma duba yadda kayan ke zama a tanderu. Faranti yana da sauƙin gini amma yana cin allo guda shi kaɗai, kofuna kuwa sai a jera goma sha a wurin da faranti uku za su zauna. Shi ya sa farantin hannu yake da tsada, kuma shi ya sa bai kamata ka ji kunyar faɗin kuɗinsa ba.

Sa hatiminka a gindin kowane abu tun yumɓun bai gama tsanewa ba. Tun ran gini tun ran zane. In ya bushe babu inda hatimi zai kama, kuma wanda ya ga kofinka a gidan wani ta nan zai neme ka.

Mataki na 4: Bushewa da gashi

Yawancin asarar da ake ɗora wa tanderu tun a kanta aka yi ta. Baki yana riga gindi bushewa, mariƙi yana riga jiki, sai tsaga ta fito a mahaɗa. Rufe kaya da leda kwana ɗaya ko biyu su daidaita, sannan ka buɗe a hankali, ka kife su. Dabarar gane bushewa ita ce ka ɗora gindin a kumatunka: in ka ji sanyi, da sauran ruwa. Ana yawan cewa iskar da ta maƙale a yumɓu ce ke fasa tukunya a wuta, amma babban mai laifi danshi ne. Ruwa yana zama tururi a digiri 100, in bai sami hanyar fita da sauri ba sai ya tarwatsa tukunyar, ɓarɓashin ya lalata na kusa. Don haka riƙe tanderu ƙasa da 100 na wasu awanni kafin ka ƙara wuta, musamman in akwai kaya masu kauri.

Wuri na biyu da ake lallaɓawa shi ne digiri 573, inda ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓu suke kumbura farat ɗaya, su kuma tsuke a daidai nan in ana saukowa. Manyan farantai a nan suke darewa. Gashin farko yakan tsaya tsakanin 1000 zuwa 1060, inda kaya suka yi ƙwari amma suna iya tsotsar ruwan ƙyalli. Gashi na biyu shi ke kai yumɓun ga nunarsa.

Kada ka dogara da lambar da na'ura ke nunawa kaɗai. Yumɓu yana nuna ne da zafi da kuma daɗewa a cikinsa, kamar dai girki. Abin da ke auna duka biyun shi ne ɗan tsinken gwaji da ake kira kon, wanda Hermann Seger ya ƙirƙiro a Jamus a 1886, Edward Orton ya fara yin nasa a Amurka a 1896. Kowane kon da lambarsa, yana lanƙwasa in gashi ya kai matsayinsa. A kula da sifiri: kon 06 wajen digiri 1000 ne, kon 6 kuwa wajen 1220, kon 10 ya doshi 1300. Mutane sun yi asarar tanderu guda saboda wannan sifirin. Sa kon a allon sama da na tsakiya da na ƙasa, za ka gano cewa tanderunka yana da kusurwa mai zafi da mai sanyi.

Sannan littafi. Kowane gashi ka rubuta kwanan wata, abin da ya shiga, awa nawa, yadda kon ya kwanta, da adadin da ya lalace da dalili. Kuma komai ɗokinka, kada ka buɗe ƙofa sai kayan sun huce har za ka iya ɗauka da hannu. Wannan ƙarar "ƙis, ƙis" da ake ji in an buɗe da wuri, ƙyallin ne ke tsattsagewa.

Mataki na 5: Abin da za a ci abinci a ciki amana ne

Kada dalma ta kusanci duk abin da zai taɓa abinci, haka launukan ja da ruwan lemo masu kadmiyom sai da tabbaci daga mai haɗa su. Ƙyallin da ya tsattsage kamar saƙar gizo yana da kyau a tulun ado, amma a cikin kwano maɓoyar datti ne, kuma alama ce cewa ƙyallin da yumɓun ba su dace ba. Gwajin gida mai sauƙi: ɗora yankan lemon tsami a kan ƙyallin ya kwana. In launin wurin ya canza, ƙyallin yana zubar da abin da ke cikinsa, a cire shi daga kayan abinci. In bai canza ba, wannan bai zama shaida ba tukuna. Ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai ke tabbatarwa. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce a cikin kofi da kwano ka tsaya ga fari ko garai da ka gwada, ka bar wasan launi a waje.

Mataki na 6: Sa farashi

Ga inda sana'ar take mutuwa a hannun masu kirki. Magini ya kalli kofinsa, ya tuna minti biyar ya ɗauka a kan faifan juyi, sai kunya ta kama shi ya sa kuɗi kaɗan. Ya manta da kwaɓa yumɓu, gyaran gindi, jan mariƙi, shafa ƙyalli, goge gindi, loda tanderu da sauke shi, wanke ɗaki, ɗaukar hoto, amsa saƙonni da ɗaure kaya. In ka riƙe agogo mako guda za ka ga cewa zaman gini bai kai rabin lokacinka ba.

Josiah Wedgwood, wanda ya kafa masana'antarsa ta kayan yumɓu a Ingila a 1759, sai da kasuwa ta yi sanyi a 1772 ya zauna ya tsefe abin da kowane tulu ke ci, daga yumɓu da lada zuwa makamashi da haya. Ya gano cewa wasu kuɗaɗen suna tafiya ko an gina da yawa ko kaɗan, kuma yawan sauya aiki daga wannan siffa zuwa waccan yana cinye lokacin ma'aikata. Kai ma ka yi naka, da cikin tanderu guda.

A ce kofi 40 ke cika shi. Tara kuɗin yumɓu, da ruwan ƙyalli, da makamashin gashi biyu. In na lantarki ne, karanta mita kafin da bayan gashi, kada ka yi kirdado. Ƙara rabon haya na kwanakin da aikin ya ɗauka, da wani abu na tsufan kayan aiki, domin wayoyin tanderu da allunansa suna ƙarewa, ranar da suka mutu kuma ba sa sallama. Sai ladanka: awannin da ka yi sau abin da ma'aikaci mai gwaninta ke samu a awa inda kake. A ce jimilla ta kama 3,300, a kowane irin kuɗi. Kada ka raba da 40. A ce 4 sun tsage, 3 sun fito da tabo, saura 33. Kowane kofi ya tsaya maka a 100. Wannan ba riba a ciki, uwar kuɗi ce kawai. Ɗora riba a kai ka sami farashin sari, sannan ka ninka farashin sari biyu ka sami na ɗai-ɗai, don haka masu shaguna suka saba yi.

Za ka ga adadin ya ba ka tsoro. Kafin ka rage, duba abu biyu: ko za ka iya ƙara sauri, ko za ka iya rage asara. In ka dawo da 7 ɗin nan zuwa 3, kofi ya sauko ƙasa da 90 ba tare da ka taɓa ladanka ba. In duk da haka kasuwa ba ta ɗauka, to wannan abin ba na sayarwa ba ne, canza shi. Gasa da kofin kamfani kuwa ɓata lokaci ne. Inji yana fitar da dubbai a yini, wanda ya zo wurinka ba araha ya zo nema ba.

Masu tabo ka ware su, ka yi musu alama a gindi, ka sayar da rangwame sau ɗaya ko biyu a shekara. In kullum suna kan tebur, kwastomomi za su koyi jiran su. Wanda ya tsage ko ƙyallinsa ke da kaifi, guduma ce maganinsa.

Mataki na 7: Inda za a sayar

Hannu da hannu a kasuwar baje koli ya fi komai koyarwa. Tsaya ka kalli abin da mutane ke ɗagawa su ajiye, da wanda suke riƙewa suna magana. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya: daga curi zuwa gamammen kofi mako uku zuwa huɗu ne, don haka ƙirga baya daga ranar kasuwa, ka bar sararin gashi ɗaya na ko-ta-kwana.

A intanet, ko Instagram ne ko Etsy ko shafinka, hoto ne ke ciniki. Hasken taga da bango fili sun wadatar. Nuna ciki da gindi, da hoto ɗaya a hannun mutum don a ga girma, ka rubuta tsayi da faɗi da mililita nawa yake ci. Faɗi cewa launi yana ɗan bambanta daga wannan zuwa wancan. Lissafa kason da dandalin ke cira kafin ka sa kuɗi. Kuma tara lambobi ko imel na masu saye, da izininsu, a wurin da kai ke da iko da shi.

Shaguna iri biyu ne: mai saye sari ya biya, da mai karɓa ya ajiye sai an sayar ya cire la'adarsa, wadda takan kai kashi 40 zuwa 50. Na biyun ba a yinsa da baki. Na taɓa kai wa wani shago kwanoni 12 a kan yarda. Bayan wata huɗu aka ce 5 aka sayar, 4 ga su, sauran 3 babu wanda ya san inda suka shiga, ni kuma ba ni da ko guntun takarda. A rubuta adadi, farashi, ranar biya, da wanda zai ɗauki asarar abin da ya fashe, kowa ya sa hannu. Kada kuma ka karya farashin shagon a shafinka, in ba haka ba ƙofar ta rufe.

Odar musamman kuwa, karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ka gina fiye da abin da aka nema. An ce faranti 6, gina 8. In mutum ya kawo hoton aikin wani magini ya ce ka kwaikwaya, ba shi haƙuri.

Mataki na 8: Ɗauri, da ɗan abin da ya rage na takardu

Naɗe kowane abu shi kaɗai, ka cusa takarda a cikinsa, ka kare mariƙi daban. Sa shi a ƙaramin kwali, ƙaramin a cikin babba, da abin cushe mai kaurin santimita 5 ta kowace fuska. Rufe ka girgiza kusa da kunnenka; in wani abu ya motsa, buɗe ka sake. Kuɗin kwali da lokacin ɗauri su shiga farashi. In kaya ya isa a fashe, nemi hoto ka maye gurbinsa ba tare da dogon musu ba.

Buɗe asusun sana'a daban da na aljihunka, ka riƙa biyan kanka adadi tsayayye duk wata. Tambayi hukumar da abin ya shafa a inda kake game da rajista da haraji da ƙa'idar kayan abinci, domin kowace ƙasa da nata. Ciniki yana da lokacin zafi da na sanyi, sai ka ware wani kaso na watannin albarka, ka yi amfani da watannin shiru wajen gwada sabon ƙyalli da sabuwar siffa. A kowane gashi ka bar kusurwa ɗaya ta allo don irin wannan gwaji, ka rubuta lambarsa a gindi kafin ya shiga wuta, don in ya fito da kyau ka san abin da ka haɗa.